Digiri Dubu Sun Ɓata

"A cikin littafina babu kuskure ko ɗaya. Shafi ɗari uku da sha biyu, bugu na bakwai, har yau ba a haifi wanda zai ɗora yatsa a kan layi ya ce ga inda aka yi tuntuɓe ba."

Farfesa ne ya faɗi haka da safiyar Litinin, yana zaune a bayan wani tebur da ya isa mutum shida su ci abinci a kai. Sufeto bai tambaye shi zancen littafi ba. Abin da ya tambaya shi ne, me ya ɓata a sashen har aka kira 'yan sanda?

"Babu abin da ya ɓata," in ji Farfesa. "Lalatawa aka yi. Muna da ɗan kasko na filatinam da muke ƙona samfurin ƙasa a ciki, shi kaɗai gare mu, ya kuma fi zinare daraja. Matar da ke kula da ɗakin gwaji ta manta shi a murhun lantarki ranar Juma'a, ya kwana uku yana cin wuta, ya narke. Hukumar kwaleji ba ta korar ma'aikaci sai da rahoton 'yan sanda. Layi biyu kawai nake so ka rubuto mini."

"Ita matar ta amsa laifinta?"

"Ina fa! Cewa take murhun ba ya iya narka filatinam." Ya jawo littafin, ya buɗe shafi na casa'in da huɗu, ya turo shi gaban Sufeto. "Karanta da kanka. Filatinam, digiri ɗari bakwai da sittin da takwas. An sami murhun a kan ɗari takwas. Sai a ce me kuma?"

Sufeto ya karanta. Haka aka rubuta, 768. A makarantar sakandare sau biyu yana faɗuwa kimiyyar sinadarai, tun daga lokacin kuma yake jin kamar an rufe masa wata ƙofa alhali ana shagali a ciki. Shi ya sa duk abin da bai gane ba sai ya tsaya a kansa, har abokan aiki suna cewa da za a aike shi kama ɓarawon agogo, sai ya fara koyon gyaran agogo tukuna.

"Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da kunna murhun nan da hannunka?"

Farfesa ya dube shi ta saman tabarau. "Shekara ashirin ina shugabantar sashen nan. Shugaba ba ya kunna murhu."

Sajan, wata doguwar mace mai rubutu da hannun hagu, ta rubuta wannan ma a littafinta, har da jan layi a ƙasa.

Ɗakin gwaji yana ƙarshen baranda. Dogayen tebura uku, famfo mai ɗiga, kwalabe jere da lambobinsu, sai wani akwatin ƙarfe mai ƙofa kamar ta ƙaramin firji a lungu. A gefensa wata dattijuwa ce zaune cikin farar rigar aiki, ta ɗora jakarta a cinya kamar mai jiran mota. Ɗalibai Maman Lab suke ce mata, har an manta ko tana da wani suna.

"Mama, sannu da aiki."

"Aikin da aka ce na daina? Yauwa, Sufeto. Wata uku ya rage mini in yi ritaya. Shekara talatin da ɗaya ban fasa ko bututun gwaji ba. Yau ake so in fita da takardar kora a hannu, kuɗin fanshona ya bi ruwa, jikokina su ji an ce kakarsu ta ƙona kayan hukuma."

"Ranar Juma'a ina kika bar kaskon?"

"A wancan kabad ɗin, na kulle. Na kashe murhu, na kulle ƙofa ƙarfe huɗu. Yau da safe na shigo na ji ɗaki ya ɗume, murhu yana kunne, kabad a kulle amma babu kasko. Da murhun ya huce na buɗe, na ga wannan."

Ta nuna wani tire. A kai akwai dunƙulen ƙarfe fari-fari mai toka a jiki, ya bazu kamar an zuba kunu cikin babban cokali a ƙasa ya daskare.

Sufeto ya sunkuya ya dubi abin murɗa zafin murhun. Kibiyarsa tana kan ɗari takwas daidai.

"Ke a kan nawa kike sa shi?"

"Ɗari biyar da hamsin in ƙasa ce ko abincin dabbobi. Dubu in wani aiki ne na musamman. Ɗari takwas ba lambata ba ce. Iyakar ƙarfin murhun nan dubu da ɗari ɗaya, ko ka murɗe shi har ƙarshe, filatinam dariya zai yi maka."

"Amma littafin Farfesa ya ce..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko nata kwafin, wanda bangonsa ya sha selotef, ta buɗe shafi na casa'in da huɗu. A gaban 768 akwai wani ɗan siririn ɗaya da aka rubuta da fensir.

"Dubu ɗaya da ɗari bakwai da sittin da takwas," ta ce. "Ɗayan ne ya faɗi tun bugu na farko."

"Digiri dubu cur suka ɓata, ba wanda ya kai ƙara?" in ji Sajan.

"Na kai, 'yata. Shekara goma sha tara ke nan. Na rubuta masa a takarda cikin ladabi, washegari aka ba ni takardar tuhuma a kan shiga abin da ya fi ƙarfin matsayina. Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya shigo ɗakin nan, ranar farko nake sa shi ya ƙara ɗayan a littafinsa, mu yi shiru."

Sufeto ya shafa haɓa. "Mama, ni ban san wa zan gaskata ba, fensirinki ko injin ɗab'i. Akwai yadda ido zai gani?"

Fuskarta ta ɗan saki a karon farko. Ta tashi ta ɗauko wata kwalba, ta sa hantsaki ta zaro wani ɗan faifai mai ƙyalli. Murfin kaskon ne. Ranar Juma'a ta jiƙa shi a ruwan wanki, shi ya sa bai kwana a kabad ba. Ta ɗauraye shi ta ɗora a kan tangaran, ta ɓantaro ɗan yanki daga dunƙulen ta ɗora a kan wani, ta sa duka biyun a murhu, ta murɗa zuwa dubu.

"Sai an yi kusan awa. Ku zauna."

Sufeto bai zauna ba. Ya tsaya gaban wani jadawali da ke manne a bango yana jero tambayoyi kamar ɗan aji ɗaya. Dalma fa? Ɗari uku da ashirin da bakwai, ko a garwashi ta narke. Tagulla? Dubu da tamanin da biyar. Zinare? Dubu da sittin da huɗu, ƙasa da tagulla kaɗan.

"Wato zinare da duk girman kansa, tagulla ta fi shi juriya?"

"Baƙin ƙarfe ma ya fi su duka biyun. Akwai kuma wani mai suna galiyam, a tafin hannunka zai narke."

"Wannan irin maigidana ne," in ji Sajan. "Ko kallonsa ka yi da ƙarfi sai ya zube."

Kafin lokacin ya cika, Sufeto ya ce a auna masa dunƙulen. Maman Lab ta haɗa lissafi da ɗan yankin da ta ɓantara, wanda ta riga ta auna kafin ta sa a wuta, don hannunta ba ya taɓa abu bai auna ba. Giram talatin da biyu. Ta tsaya tana kallon sikelin.

"Lafiya, Mama?"

"Kaskona giram talatin da ɗaya da ɗigo biyu ne. Duk ranar da na yi aiki da shi sai na auna. Shekara da shekaru ina goge shi da yashi mai laushi, ya ɗan rame kamar ni. Talatin da biyu nauyinsa ne ranar da aka kawo shi sabo."

"A ina aka rubuta nauyinsa na sabo?"

"A katin sito. Ni ma a can na taɓa gani."

Da ta buɗe murhun, zafi ya bugi fuskokinsu. Ɗan yankin dunƙulen ya kwanta luɓus a kan tangaran. Murfin kuwa ya yi ja kamar garwashi, amma da ya huce sai ya koma yadda yake, ko lanƙwasa bai yi ba.

"Alminiyam ne wannan," in ji Maman Lab. "Ɗari shida da sittin ya ishe shi. Ka ga ma girmansa. Da filatinam ne mai wannan nauyi, ba zai kai rabin cokalin shayi ba."

Sufeto ya daɗe yana juya murfin a hannu. Wani ya ɗauke kasko, ya ajiye ƙarfen banza mai nauyin da ke kan katin sito, ya sa murhu a kan ɗari takwas. Me ya sa ɗari takwas? Wanda ya san aikin ba zai yi wannan wauta ba. Sai wanda ya yarda da 768 da zuciya ɗaya, ya ɗan ƙara kaɗan don ya tabbata.

"Sajan, zagaya azuzuwa da laburare. Duk kwafin littafin nan da kika gani, ki duba shafi na casa'in da huɗu."

Ta dawo bayan azahar tana fifita da littafin rubutunta.

"Kwafi arba'in da uku na duba, yallaɓai. Duka da ɗayansu. Wasu fensir, wasu biro, wani ɗalibi ma har zanen kibiya ya yi ya rubuta 'Allah ya shirya' a gefe. Malaman sashen su ma sun gyara nasu, sai dai kowa cewa yake haka ya saye shi."

"Waɗanda ba a gyara ba?"

"Na teburin Farfesa. Sai kuma an ce akwai kwali-kwali na sababbi a sito."

Sito yana ƙasan bene, ɗaki ne mai ƙamshin kwali da man goge ƙasa. Mai Sito mutum ne mai tsafta, ɗan kimanin arba'in da biyar, da biro uku a aljihun gaba. Tun kafin a tambaye shi ya sanar da su cewa shi ƙanin matar Farfesa ne, don kada a yi kuskure.

"Malam, makullin ajiya na ɗakin gwaji da na kabad suna wurinka?"

"Suna can a rataye. Ƙura ma ta rufe su. Ni me zai kai ni lab? Ban san kan komai a can ba, ni ɗan ofis ne."

Sajan ta je allon makullai ta duba. Ƙura ta rufe su kuwa, ban da guda biyu.

"Katin kaskon fa?"

Ya zaro shi nan take, ba tare da ya bincika ba, daga cikin kati fiye da ɗari biyar. An rubuta giram 32.

"Ma sha Allah, hannunka ya san hanya," in ji Sufeto. "Kana karanta littafin surukinka?"

"Ni? Yaya ya ba ni kyautar guda da sa hannunsa, na ajiye don albarka. Ban taɓa buɗewa ba."

Littafin yana kan kanta, sabo fil. Sufeto ya ɗauke shi, ya tsayar da shi a kan tebur da bayansa, ya sake shi. Littafin ya buɗe da kansa a shafi na casa'in da huɗu. Babu fensir, babu ɗaya. A ƙarƙashin 768 akwai ɗan zane, irin wanda farce yake bari in mutum yana bin layi a hankali.

"Albarkar ta fi yawa a wannan shafin, ina gani."

Mai Sito ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba. "Wataƙila masu shara ne."

"Wataƙila. Su ne kuma suka yanke wannan?"

Sufeto ya nuna bayan ƙofa, inda aka jingine sandunan alminiyam na gyaran taga. Ɗaya ta fi sauran gajarta, bakinta yana ƙyalli, sabon yanka. A ƙasa akwai ɓarɓashi fari da tsintsiya ba ta kai ba, kusa da sikelin auna wasiƙu.

"Ka yanka ka auna, ka goge ka sake aunawa, har ya zama talatin da biyu. Na yaba da aikin, wallahi. Matsalar ita ce kaskon ya rame, kai kuma katinka bai sani ba."

"Sai an kira Yaya. Ba zan ƙara magana ba sai Yaya yana nan."

Aka kira Yaya. Farfesa ya sauko bene a karo na farko cikin shekaru, yana riƙe da gefen rigarsa kada ta taɓa kwali. Maman Lab tana biye da shi daga nesa da murfin a cikin hankici.

Sufeto ya jera musu abubuwan a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, dunƙule, kati, makullai biyu, sandar taga, littafi. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, duk ginin nan mutum biyu ne kawai suka yarda filatinam yana narkewa a ɗari takwas. Kai, da wanda ya yarda da kai. Kai kuma ka ce shugaba ba ya kunna murhu."

Farfesa ya dubi surukinsa, surukin ya dubi littafin. Can sai Mai Sito ya zauna a kan kwali, ya cire biro ukun daga aljihu ya ajiye, kamar su ne suka yi masa nauyi.

"Yaya, littafinka ne ya kashe ni."

"Kai, kama bakinka!"

"Wane baki kuma ya rage? Kullum a gida kana cewa babu kuskure a ciki. A wurin cin abinci ka faɗa, a wurin suna ka faɗa, ranar aurena ma ka faɗa. Ni na yarda. Na ce in an ga narkakken ƙarfe, a duba littafi, magana ta ƙare, a ce tsautsayi ne. Ban yi zaton abin zai kai ga kora ba, na ɗauka faɗa za a yi mata kawai."

"Da aka zo zancen korar fa?" in ji Sajan. "Bakinka ne ya narke?"



"Ina kaskon?" in ji Sufeto.

Mai Sito ya miƙa hannu bayan kanta ya jawo gwangwanin ganyen shayi. A ciki ɗan kaskon yake, ya yi baƙi da hayaƙi, gefensa ya ɗan lotsa.

"Jiya na kai wa wani maƙerin zinare ya narka mini, don kada a gane shi. Na ce masa abu ne mai sauƙi, bai kai zinare ba ma, ga shi a rubuce. Ya sa wuta, ya ƙara wuta, ya ƙarar da gas ɗinsa. Awa biyu. Abin nan sai dai ya yi ja ya kalle mu. Daga ƙarshe ya jefo mini shi, ya ce in kwashe ƙarfen aljanuna in bar masa shago." Ya share goshi. "Ni har na fara tunanin jabu ne aka sayo wa kwaleji."

Maman Lab ta karɓi kaskon da hannu biyu, ta hura, ta goge shi da gefen rigarta, ta ɗora masa murfinsa. Ya zauna daram.

Sajan ta fito da ankwa. Mai Sito ya miƙa hannuwa ba gardama, ya roƙi alfarma ɗaya, a bi da shi ta ƙofar baya saboda ɗalibai.

Farfesa ya gyara murya. "Sufeto, ina so rahotonka ya fito da abu ɗaya fili. Wannan kuskuren ɗab'i ne. Kuskuren ɗab'i kuwa ba kuskuren marubuci ba ne. Littafin yana nan yadda na faɗa."

"Zan rubuta abin da murhu ya ce, ranka ya daɗe. Takardar korar fa?"

"Wace kora? Ai dama bincike muke." Ya juya wajen Maman Lab ba tare da ya haɗa ido da ita ba. "Sai dai abin mamaki ne a ce ma'aikaciya ta san da irin wannan shekara da shekaru, ba ta bi hanyar da ta dace ta tunatar ba. Amma na yafe. Akwai kwafi ɗari huɗu a kwalayen nan. Tunda hannunki ya saba, ki gyara su kafin ki tafi. Da baƙin biro, yadda ba zai nuna ba."

Ya haye bene abinsa.

Sufeto ya buɗe baki, Maman Lab ta girgiza masa kai kaɗan. Wata uku ne, in ji idonta.

Suka fita da Mai Sito ta ƙofar baya, Sajan tana riƙe da damtsensa, gwangwanin shayi da sandar taga suna cikin jakar shaida. A bakin mota Sufeto ya tuna ya bar hularsa, ya koma.

Ya same ta ta jawo kujerar Mai Sito kusa da taga. Ta yanke selotef ɗin kwalin farko, ta zaɓi baƙi daga cikin biro ukun da aka bari a tebur, ta gwada shi a bayan hannunta. Ta ɗauki littafi na sama, ta buɗe shafi na casa'in da huɗu, ta ja ɗan siririn layi, ta hura ya bushe, ta ajiye a gefe, ta ɗauki na biyu.